Ciwon ƙugu a ruga: jawabi ga makiyaya maza da mata

Muna gaida shugabannin rugage da dattawa, da iyayenmu mata, da samari da ƴan mata waɗanda suka baro bisashe a hannun ƙannensu suka zo wannan zama. Mun san wasu tun asuba suka ɗaura sirdi, wasu kuma da ƙafa suka tako, saboda haka za mu yi ƙoƙari mu taƙaita.

Yawancin taron makiyaya, maganar lafiyar dabba ake yi: allurar rigakafi, ciwon huhu, kaska, tsutsar ciki. Yau an ba mu dama, mu masu aikin lafiyar mutane, mu yi maganar mai dabbar. Duk rugar da muka sauka, daga Abalak zuwa Dakoro, daga Tanut zuwa bakin Komadugu, ba ma tashi sai wani ya ja mu gefe, ya dafa ƙugunsa da hannu biyu, ya ce, "Malam, nan ne ya hana ni sakat." Mata ma haka, sai dai su sukan jira har maza su watse.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Makiyayin da ƙugunsa ya riƙe a tsakiyar rani, garkensa duka ya shiga wahala. Wa zai ja guga? Wa zai kora zuwa mashaya? Sai a cire yaro daga makaranta, ko a ɗauki ɗan kiwo na kuɗi, ko a kai karsana kasuwa a lokacin da ta rame, a sayar da ita da hasara don a sayi magani. Uwar gida kuwa in ta kwanta, ba tatsa, ba daka, ba tallan nono, gida ya tsaya cik.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a shekara ta 2050. Babu ciwon da ya fi shi hana mutane aikinsu. Amma ga abin kwantar da hankali: wajen mutum 9 cikin 10 masu wannan ciwo, in an bincika ba a samun karaya ko wata muguwar cuta. Gajiya ce da ƙagewar tsoka da gaɓoɓi, kuma mafi yawansu suna samun sauƙi cikin mako 6. Irin wannan ciwo, babban maganinsa yana hannunmu, bisa tabarmarmu, ba ya cin ko dala.

Yadda baya yake

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san ƙashin baya ba sanda guda ba ne. A jikin mutum ƙananan ƙasusuwa ne 33 jere bisa juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari yake manne, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun haɗe can ƙasa tsakanin ɗuwawu. Waɗannan 5 na ƙugu su ne manya, su ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama da duk abin da muka ɗora a ka ko muka ciccibo da hannu.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Aikinsa aikin gammo ne, yana tare nauyi kada ƙasusuwa su gogi juna. Ta tsakiyar ƙasusuwan laka ta ratsa, daga jikinta kuma jijiyoyi ke fita zuwa sassan jiki. Babbarsu tana bi ta ɗuwawu, ta sauka bayan cinya har tafin ƙafa. In faifai ya bultso ya danne tushen wannan jijiya, shi ne mutum ke jin ciwo yana tsarga masa ƙafa kamar wuta, ko ƙafar ta yi ta yi masa tsiyaya da sanyi.

Abin da ke riƙe da wannan jeri duka shi ne tsoka: ta baya, ta ciki, ta ɗuwawu da ta cinya. Ku dubi tanti. In igiyoyinsa sun ɗaure daidai ta kowane gefe, iska ba ta kayar da shi. In wata ta saki, wata ta yi tsauri, sai sandar tsakiya ta karkata. Motsa jikin da za mu koya yau gyaran igiyoyin nan ne, a sassauta wadda ta ƙage, a ƙarfafa wadda ta saki.

Wani zai ce, "Mu da muke yini bisa ƙafa, wane motsa jiki ya rage mana?" Gaskiya ne, tafiyar kiwo tana da amfani ga baya ƙwarai. Matsalar ita ce aikinmu yana maimaita motsi iri ɗaya. Mai jan ruwa yana duƙe, yana ja, yana murɗa jiki ya juye a komi, tun hantsi har azahar. Mai tatsa tana tsugune, kanta a ƙasa. Mai daka tana sunkuye bisa turmi da goyo a baya. Bidon mai lita 25 nauyin ruwansa kilo 25 ne, ga buhun dusa, ga kantun gishiri, ga girgizar babur a hanyar da ba kwalta. Kusan duk aikin nan gaba yake tanƙwara mu. Shekara da shekaru baya bai samu juyawa wani gefe ba, dole wata rana ya yi ƙara.

Doguwar kwanciya tana ƙara ciwo

A da, har likitoci sukan ce mai ciwon baya ya kwanta mako biyu bisa abu mai tauri. Yanzu bincike ya nuna akasin haka. Wanda ya ci gaba da ɗan motsi da ƙananan ayyuka ya fi saurin warkewa bisa wanda ya lizimci shimfiɗa. Tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, gaɓa ta ƙage, ga tsoro ya shiga zuciya, mutum ya riƙa ganin in ya motsa wani abu zai tsinke. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon ƙugun da ya wuce wata 3, a ciki ta sa ilimantar da mai ciwo da motsa jiki cikin abubuwan da ya kamata a yi masa.

To, ranar da ƙugu ya riƙe, me za a yi? A huta kwana ɗaya, in ya tsananta biyu, amma kowace awa ko biyu a tashi a ɗan taka cikin gida. In za a kwanta, a yi rigingine a sa matashi ko naɗaɗɗen bargo ƙarƙashin gwiwoyi, ko a kwanta ta gefe a sa shi tsakanin gwiwoyi. In za a tashi, a fara mirginawa gefe, a tanƙware gwiwoyi, a tura jiki sama da hannu. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ko yashi mai ɗumi ƙulle cikin zane, kamar minti 15 zuwa 20. Ɗumi muka ce, kada a ƙona fata. Da zarar zafin farko ya lafa, sai a fara motsin da za mu nuna.

Motsi 8 bisa tabarma

Ba a buƙatar komi sai tabarma ko buzu a wuri mai laushi daidai, da tufa mai sakewa. Iyayenmu mata za su iya yi cikin bukka, ba sai a idon jama'a ba.

Na 1, danna ƙugu. A kwanta rigingine, a tanƙware gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Za ku ji akwai ɗan rami tsakanin ƙugu da tabarma, har hannu yana iya shiga. A tsuke mara, a danna ƙugu ya taɓa tabarma ramin ya rufe, a ƙidaya zuwa 5, a saki. Sau 10. Kada a riƙe numfashi. Wannan shi ne tushen sauran, don yana tayar da tsokar ciki ta can ƙasa wadda ke ɗaure ƙugu kamar ɗamara.

Na 2, gwiwa zuwa ƙirji. Ana nan kwance, a kama gwiwa ɗaya da hannu biyu, a jawo ta a hankali zuwa ƙirji har a ji ƙugu da ɗuwawu suna miƙewa. A ƙidaya zuwa 20, a sauke, a kama ɗayar. Sau 3 kowace ƙafa. Wanda gwiwarsa ke ciwo ya kama ta bayan cinya.

Na 3, kwantar da gwiwoyi. Gwiwoyi a haɗe a tanƙware, kafaɗu biyu manne da tabarma. A kwantar da gwiwoyin zuwa dama iyakar inda suka yarda, a dawo tsakiya, a kai su hagu. Sau 10 kowane gefe, sannu sannu, ba da fizga ba. Masu jan ruwa da ke murɗa jiki gefe guda kullum za su tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya tsauri. Kada a tilasta shi, da kwanaki zai saki.

Na 4, kadarko. Rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ƙafafu a ɗan ware. A matse ɗuwawu, a ɗaga su sama har jiki ya miƙe sambal daga kafaɗa zuwa gwiwa. A ƙidaya zuwa 5, a sauko a hankali. A fara da sau 5, bayan mako guda a kai 10. Ɗuwawu su ne tsoka mafi girma a jiki. In suna da ƙarfi, su ke ɗaukar nauyi lokacin da muka tashi da kaya, ƙugu ya huta.

Na 5, tozon raƙumi. A durƙusa bisa gwiwoyi da tafukan hannu kamar jariri mai rarrafe. A tura tsakiyar baya sama ya yi tozo, kai ya sunkuya. Sannan a sake shi ya lotsa ƙasa, a ɗaga kai kaɗan. A yi ta kai da kawowa tsakanin biyun sau 10, tare da numfashi. Wannan shi ne man gaɓoɓin baya, kuma ya dace da kusan kowa.

Na 6, hannu da ƙafa. Ana nan a rarrafe, a tsuke mara, a miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, su yi daidai da gadon baya. A ƙidaya zuwa 5, a sauke, a canza. Sau 5 kowane gefe. Ku ɗauka an aza muku ƙwaryar nono cike a gadon baya, ba ku so ko ɗigo ya zube. Wanda ya ji yana tangaɗi ya fara da ƙafa kaɗai.

Na 7, gantsarewa. A kwanta rub da ciki minti ɗaya ko biyu, jiki a sake. Sannan a ɗago ƙirji a dogara bisa gwiwar hannu, mara tana manne da tabarma. A ƙidaya zuwa 10, a koma. Sau 5 zuwa 10. Wannan shi ne kishiyar duƙawar da muke yini muna yi. Ana yin sa a tsaye ma: a ware ƙafafu, a dafa ƙugu da hannu biyu, a gantsare baya kaɗan, a dawo.

Na 8, miƙa bayan cinya. A kwanta rigingine, a rataya rawani ko majanyi ko guntun igiya a tafin ƙafa ɗaya, a riƙe bakinsa biyu, a ɗaga ƙafar a miƙe har a ji bayan cinya yana ja. A ƙidaya zuwa 20, sau 3 kowace ƙafa. Wanda ciwo ke tsarga masa ƙafa ya bi wannan a hankali ƙwarai, in ya tayar masa da tsargin ya bar shi tukuna.

Duka takwas ɗin ba su wuce minti 15. Mai ciwo ya fara da na 1, 2, 3 da 5, sau biyu a yini, in ya ji sauƙi ya ƙara sauran. Wanda ya warke kada ya daina, ya riƙa yi ko da kwana 3 ne a mako, domin ciwon ƙugu yana da halin dawowa, kuma motsa jiki yana rage dawowarsa.

Ƙa'idoji 4 da za a riƙe

Ta farko, jin ja ko ɗan ciwo lokacin motsi ba laifi ba ne, muddin ya lafa bayan an gama. In ya ƙaru, ya kwana har gobe, an yi da yawa, sai a rage.

Ta biyu, a lura da inda ciwo ya dosa. In yana janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiyar ƙugu, alama ce mai kyau, a ci gaba. In motsi yana tura shi ƙasa, daga ɗuwawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa idon sawu, a bar wannan motsin.

Ta uku, jiki ba ɗaya ba ne. Dattawa da yawa sun fi jin daɗi in sun zauna ko sun ɗan duƙa, tsayuwa da doguwar tafiya ke sa ƙafafunsu nauyi. Irinsu na 1 da na 2 sun fi yi musu amfani, gantsarewa kuwa tana iya ƙara musu ciwo. Mai ciki kada ta kwanta rub da ciki, kuma in cikin ya tsufa kada ta daɗe a rigingine. Na 5 da tafiya su suka fi dacewa da ita, ta kuma gaya wa ungozomar asibiti ranar awo.

Ta huɗu, cikin dare faifan nan na baya yana shan ruwa ya ɗan cika, shi ya sa baya ya fi ƙagewa da asuba. Kada mutum ya tashi daga barci ya nufi abu mai nauyi kai tsaye. Ya fara zagaya garke, jiki ya yi ɗumi, ya yi motsinsa, sannan ya kama aiki.

A bakin rijiya da bakin turmi

Motsa jiki na minti 15 ba zai iya da aikin awa 6 ba in ba a sassauta wa baya ba. Ba mu ce a bar aiki ba, mun san ba zai yiwu ba. Ga dai abin da zai yiwu.

A riƙa karɓar juna wajen ja. Mutum biyu su yi ta canji ya fi ɗaya ya ja har ya gaza, sannan ɗayan ya karɓa. Duk bayan guga 10 ko 15 a miƙe, a dafa ƙugu, a gantsare sau 5. A sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a riƙa canza su. In za a juye ruwa a komi, a taka a juya da ƙafafu, kada a kafe su a murɗa ƙugu da nauyi a hannu. Inda rijiya ke da zurfi kuma akwai raƙumi ko takarkari ko jakuna, a bar musu jan wasaki.

In za a ɗaga bidon ko buhu, a matsa kusa da shi, a tanƙware gwiwoyi, a rungume shi jikin ciki, a tashi da ƙarfin cinya. Kayan da ke nesa da jiki nauyinsa a ƙugu ninkuwa yake yi. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a kira na biyu. Samari, babu jarumtaka a ciccibar ɗan maraƙi don a gani. Bidon biyu rabi-rabi, ɗaya a kowane hannu, ya fi ɗaya cike a gefe guda.

Iyayenmu mata, wajen tatsa a samu ɗan kututture ko kujera ƴar tsugune a zauna, kuma tsakanin saniya da saniya a miƙe tsaye. Wajen daka a matso da turmi kusa, a bar gwiwoyi su riƙa lanƙwasa tare da taɓarya, in da mai karɓar goyo a sauke shi. Ƴan mata ƙanana kada a ɗora musu bidon ɗin manya. Mazaje kuma, jakin da ke kai ku kasuwa zai iya kawo ruwan gida.

A sha ruwa isasshe, a ci abinci kafin a kama aiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu shan taba su sani tana rage jinin da ke ciyar da faifan baya.

Ciwon da ba na tabarma ba

Nan muna roƙon kowa ya kasa kunne, domin akwai ciwon bayan da motsa jiki ba ya yi masa komi, jinkiri kuma yana iya gurgunta mutum.

A nemi mota ko amalanke a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, in mai ciwon baya ya kasa yin fitsari, ko fitsari ko bayan gida yana zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa, wato inda ke taɓa sirdi, ya mutu ba ya ji, ko ƙafafunsa suna raunana yana jan su. Wannan alama ce an danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma awoyi ke raba warkewa da naƙasa. Haka nan wanda ya faɗo daga raƙumi, ko doki, ko babur, ko sa ya tunkuye shi, bayansa ya kama ciwo mai tsanani. Kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a kai shi wurin maɗori. A kwantar da shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure, a ɗauke shi haka.

A je gidan likita cikin kwanaki kaɗan in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko zufar dare, ko rama ba dalili, ko ciwon ba ya lafawa ko an kwanta har yana hana barci. Mu makiyaya akwai cuta biyu da ya kamata mu sani. Ta farko bakkale, wadda ke sa shanu da awaki ɓari. Tana kama mutum ta hanyar ɗanyen nono, ko taɓa ɗan ɓari da mahaifa da hannu tsirara. Tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufa, da ciwon gaɓoɓi, kuma tana son zama a ƙugu. Ana gane ta da awon jini, maganinta kuma sai an sha aƙalla mako 6, in ta shiga ƙashin baya fiye da haka. Rigakafinta a tafasa madara, a sa leda ko safar hannu in za a taimaki dabba mai haihuwa, a binne ɗan ɓari da zurfi. Ta biyu tarin fuka. Ba huhu kaɗai yake ci ba, yana cin ƙashin baya har ya rushe, mutum ya yi doro. Akwai irinsa na shanu da ke bin ɗanyen nono shi ma. Yana warkewa in an sha magani wata 6 ko fiye ba tsallake.

Ciwon da ke gefe guda ƙarƙashin haƙarƙari, tare da zafin fitsari ko jini a fitsari, a duba ƙoda da tsargiya. Mace mai ciwon baya da ciwon mara da zubar ruwa mai wari, ita ma awo take buƙata. Wanda kuma ya yi mako 6 yana motsin nan bai ga canji ba, ya je a duba shi. A manyan asibitoci irin na Yamai da Damagaram akwai sashen gashin ƙashi, inda ake auna mutum a zaɓa masa motsin da ya dace da shi.

Wasu suna zuwa da buƙatar a yi musu hoton ƙashi ko ta halin ƙaƙa, har su sayar da akuya don haka. In babu alamun da muka lissafa, yawanci hoto ba ya canza magani. Mutane da yawa da ba su da ciwon komi, in an ɗauke su hoto za a ga alamun tsufa a ƙashinsu, kamar yadda furfura ke fita a ka. A bar likita ya yanke.

Maganar ƙwayoyi

Ibuprofen da diclofenac suna rage ciwo har mutum ya samu damar motsi. Amma na ƴan kwanaki ne, bayan an ci abinci, bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki, su nisance su. Wanda ke yini a rana ba ya shan ruwa sosai, yana kuma haɗiyar su kullum, ƙodarsa yake kashewa. Ƙullin ƙwayoyi kala-kala da ake sayarwa a faranti ranar kasuwa, babu wanda ya san abin da ke ciki. Maganin dabba kuwa na dabba ne, kada mutum ya sha, kada ya yi wa kansa allurarsa.

Sai tramol. Mun san samari da yawa da ciwon ƙugu suka fara shi, don su iya gama shayarwa. Yana rufe bakin ciwo, mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, gobe ya buƙaci biyu, jibi huɗu, daga nan sai faɗuwa da farfaɗiya, wani ma a bakin rijiya. Jagorar 2023 da muka ambata ta ce kada a yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi masu sa maye ga daɗaɗɗen ciwon ƙugu, haka nan ba ta goyi bayan ɗaura ɗamarar baya ko jan mutum da na'ura ba. Tausa mai sauƙi ba ta da laifi. Amma a daina sa yaro ya taka gadon bayan babba. Lalas da tsaga suna barin gyambo, aska ɗaya ga mutum da yawa kuma tana yaɗa ciwon hanta da sida.

Jama'a, ga abin da muke roƙo. In an tashi daga nan, maza su tsaya ƙarƙashin wannan itace, mata su shiga rumfa tare da abokan aikinmu mata, kowa ya gwada motsin nan a gabanmu mu gyara masa. Kowace ruga ta ba mu mutum biyu, namiji da mace, su koya sosai, su koma su koya wa waɗanda suka tsaya tsaron bisashe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ya fassara wa mai jin Fulatanci ko Tamajak. Wanda kuma ya ji ɗaya daga cikin alamun hatsari a jikinsa ko jikin wani nasa, ya same mu kafin ya hau.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kawo damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.